Yahuza Baduku da Littafin Akuya

Duk wanda ya ci kasuwar Ƙanƙara ko ta Mairuwa a 'yan shekarun baya ya san Yahuza Baduku, in bai san shi da ido ba to ya san muryarsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, kullum da basilla soke a gefen hula, kuma Allah ya zuba masa saurin fushi kamar don shi kaɗai aka yi. Ka kawo masa takalminka ya tsinke, kafin ya sa zare sai ya yi maka faɗa a kan yadda kake jan ƙafa. Mutane su yi ta ƙorafi, mako ya zagayo su sake komawa, don abin da Yahuza ya ɗinke ba ya warwarewa.

A wani ɗan ƙauye aka haife shi can bayan Mabai. Ba sai an faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa sun san kansu, sun kuma san abin da suka yi. Dukanci gadonsa ne. Ubansa gafaka yake ɗinka wa malamai, da kuben wuƙa da linzami, kuma ranar da aka zo ɗaukar yara makarantar boko sai ya tura Yahuza cikin rumbu ya rufe, ya ce ɗan baduku ba ya bukatar biro. Sai da ya yi aure, gemu ya fito, sannan ya zauna a ajin yaƙi da jahilci a gindin wata tsamiya ya koyi haɗa baƙi. Abin da ya fi ƙona masa rai ba daɗewar ba ce. Da ya iya karatun sai ya duba gabas da yamma ya rasa abin karantawa, in ban da kwalin ashana da rubutun bayan mota. Yakan ce an ba shi cokali an ɗauke kwanon.

Wata ranar kasuwa a Mairuwa ya hangi wata mai ƙosai tana yagar wani littafi mai hotuna tana ƙunsa wa mutane ƙosai a ciki. Ya tashi daga kan aikinsa ya je ya sauke mata kwandon masifa. Matar ba ta raga masa ba, ta ce ko ya kawo mata abin da za ta ƙunsa da shi, ko ya ɓace mata da gani. Ƙarshenta dai ya ɗinke takalman 'ya'yanta duka, ta miƙa masa abin da ya rage na littafin, duk ya jiƙe da mai. Daga ranar labari ya bazu daga Faskari har Sabuwa cewa akwai wani baduku da ke karɓar yagaggen littafi a bakin aikinsa. Aka yi ta kawo masa, wasu don tausayi, wasu don su ci banza. Shi kuwa sai ya zauna ya daidaita takardun, ya huda, ya ɗinke, ya yi masu bango da guntayen fatar da ta rage. Ya zuba su a buhun taki ya rataye da igiya a tsakiyar zaurensa, nesa da ƙasa, nesa da garu, inda gara ba ta kaiwa.

Bayan la'asar zauren kan cika da yara. Sai kowa ya wanke hannu ya nuna masa, sannan ya sauke buhun. Yana ɗinki yana faɗa, wannan ya lanƙwasa takarda, wancan ya sa yawu a yatsa, amma bai taɓa korar kowa ba. Littattafan nan babu lafiyayye ko ɗaya. Wani ba farko, wani ba tsakiya, wani an ci rabinsa da ƙosai. Haka yaran ƙauyen suka tashi, sun san labarai da yawa, ba su san ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

A cikinsu akwai jikarsa Mansura, ɗiyar ɗansa Shamsu, kuma ita ta fi kowa naci. Tana kiransa Tsoho, yana kiranta Uwargida, irin wasan jika da kaka, ita kaɗai ce za ta gaya masa magana ya yi dariya. Tun tana ƙaramin aji ta karance buhun nan kaf, ta sake, ta kuma sakewa. Wanda ya kama ranta shi ne wanda yara ke ce wa littafin akuya, don bangonsa na asali ya ɓace, ba wanda ya san sunansa, sai dai hotunan ciki suna nan. Labarin wata yarinya ne da akuyarta ta ɓace ranar kasuwa, ta ɗauki igiya ta bi sawu, gari bayan gari, duk wanda ta tambaya sai ya ce yanzun nan ta wuce. Har ta isa bakin wani kogi da ya cika, ta ji kukan akuyar a tsallake, ga wani tsoho da kwalekwale yana ce mata zai tsallakar da ita in ta yarda da abu guda. A nan takardar ta ƙare.

"Tsoho, mi ya ce mata?"

"Ina na sani, Uwargida? Ina wurin?"

Ya taɓa gwada ƙirƙira mata ƙarshe, ya sa yarinyar ta ba tsohon 'yan kunnenta, ta tsallaka, ta dawo da akuya har da 'ya'ya biyu. Mansura ta saurara har ya gama, ta taɓe baki ta ce, "Wanga naka ne. Ni na littahin nike so." Ya bi masu sayar da littattafai a Ƙanƙara da Faskari yana kwatanta masu. Akwai na jarrabawa, akwai na addini, akwai na soyayya na manya. Na yarinya mai shekarunta, wanda za ta karanta don daɗi kawai, ko ɗaya babu. Wani ma dariya ya yi masa, ya ce wane uba ne zai saya wa yaro tatsuniya.

Ana nan sai wata ƙungiya daga birni ta kawo wa firamaren ƙauyen kyauta. Mota ta zo da kwalaye, da kabad mai gilashi sabo fil. Aka yi taro, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, yara suka sha rana suna waƙa. Da aka buɗe kwalayen sai ga littattafan labarai na yara, na Hausa da na Turanci, masu launi, bangonsu yana sheƙi. Yahuza na tsaye can baya yana murmushi, abin da wasu suka rantse ba su taɓa gani ba. Baƙin suka ce don Allah a kula da su, suka shiga motarsu suka tafi.

Hedimastan makarantar, Malam Jabiru, ba mugun mutum ba ne. Ba ya cin na kowa, ba ya fashin aiki, ga tsabta. Maganar nan ta a kula da su ita ce ta shige masa kai ta zauna. Ya jera littattafan a kabad da hannunsa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ja wajen ja, kore wajen kore, wasu ya juyo da fuskarsu waje don a ga hoton. Ya kulle, ya sa makullin a aljihun gaba.

Mako ya wuce, wata ya wuce, zango ya ƙare. In baƙo ya zo garin, ko sufeto ko mai neman ƙuri'a ko masu rakiyar biki, sai a kai shi ofis ya ga kabad. Abin ya zama na alfahari, ƙauyukan da ke kewaye ba mai irinsa. Yara kuwa shigo da su ake yi layi-layi, hannu a baya, su kalla su wuce. Iyakar kusantar da yaro zai yi wa littattafan nan ita ce ranar da aka sa shi goge gilashin. Abin takaicin, iyayen yaran ne da kansu, manya da hankalinsu, suke tsayawa suna kallon wannan aika-aika suna cewa madalla, Malam ya iya riƙon amana.

Ranar da layin gogewa ya zo kan Mansura, ta dawo gida a guje, ko tsumman ba ta ajiye ba.

"Tsoho, shina nan. Na gan shi da idona. Ga yarinyar da igiya a hannu, ga kogin, ga tsohon da jirginshi. Sabo, ba abin da ya same shi."

"Kin tabbata?"

"Ko cikin dubu na gan ta sai na gane ta."

Yahuza ya ajiye basilla. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, in dai yana numfashi sai ta karanta ƙarshen labarin nan da idonta. Alkawari ya ɗauka, a gaban matarsa Suwaibatu, wadda ta ɗago daga tsinar shinkafa ta dube shi ta ce Allah ya sa bakinka ya bari.

Da farko ya bi ta lalama. Ya je ofis ya gaida Malam Jabiru, ya ce a riƙa ba shi littattafan kaɗan-kaɗan ya yi masu ɗinki da bangon fata, yadda ko yaro ya ja ba za su yage ba, kuma don Allah zai yi. Malam Jabiru ya yi godiya, ya ce fata za ta rufe masu kyau, kuma amana ce, in masu abin suka dawo suka tarar sun yi dauɗa wa zai amsa? A bari tukuna a tsara yadda za a yi. Yahuza ya koma, ya sake komawa, kullum ana kan tsarawa. Mansura kuwa in an tashi tara sai ta zagaya ta leƙa ta tagar ofis, ta tabbatar yarinyar tana nan, sannan ta tafi wasa.

Sai ranar taron iyayen yara. Mai gari yana nan, liman yana nan, aji ya cika. Aka gama maganar rufin da iska ta yaye, Malam Jabiru ya miƙe yana ba da labarin yadda baƙi suke yaba kabad. Nan haƙurin Yahuza ya ƙare. Suwaibatu tana da jere a ɗakinta, kwanuka da tasoshin da aka kawo ta da su, an ɗora wani kan wani har kusa da rufi, ana saukewa ana gogewa ana mayarwa, tun aurensu ba a taɓa zuba ko ruwa a cikin ɗaya ba. Abin da ya faɗo masa a rai ke nan, kuma da ya faɗo masa bai tsaya ya auna ba.

"Malam, ni tambaya gare ni. Mu hedimasta aka aiko muna ko amarya? Don abin da na gani cikin ohis ɗin ga jere ne. Saura lalle da turare, mu zo mu sayi baki."

Aji ya fashe da dariya, har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Malam Jabiru ya tattara takardunsa ya zauna. Kafin magariba sunan ya zagaye gari. Yara na raɗa Amarya in ya wuce, 'yan acaba na tambayarsa ko yau za a sauke jere. Yahuza ya koma gida yana jin ya yi nasara, alhali wauta ya tafka, kuma dole a faɗa. Kafin ranar nan tsoro ne ya hana Malam Jabiru buɗe kabad, mai tsoro kuwa ana iya lallashinsa. Bayan ranar, in ya buɗe za a ce baduku ya kayar da shi. Da bakinsa Yahuza ya ƙara wa kabad ɗin nan kwaɗo na biyu.

"Ka ji daɗi, an yi maka dariya," in ji Suwaibatu. "To ina littahin?"

Ta yi ta yi da shi har ya sauke kai ya je ya ba da haƙuri. Bai taɓa ba wani haƙuri ba a rayuwarsa, kalmomin ma da ƙyar suka fito. Ya ce ba duka yake roƙo ba, guda ɗaya ne, na akuya, yarinyar ta zauna nan cikin ofis a gaban idon Malam ta karanta shafukan ƙarshe ta mayar.

"Na haƙura, Baba Yahuza," in ji Malam Jabiru, idonsa a kan tebur. "Amma in na ba taka jikar, sauran ɗiyan mutane hwa? Ka bari dai a tsara."

Yahuza ya fito a fusace, ya rasa wanda zai zaga, don ya san rabin laifin nasa ne.

A wannan tsakanin ne daji ya ɓaci. Abin da ake ji daga nesa ya matso kusa. Yau an kore shanu a can, gobe an tare hanya a nan, jibi an ɗauki mutum a gona da rana tsaka. Aka rufe makarantu. Da ɓarayin daji suka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, mai gari ya tara mutane aka yanke shawarar a tashi a koma Ƙanƙara har Allah ya kawo sauƙi.

Amalanke ɗaya Yahuza ya samu aro. Ya dubi kayan gida, ya dubi amalanken, ya dubi Suwaibatu. Ita ce ta ce a bar kwanukan, a sa littattafan makaranta a wurinsu, in da rabo a tarar da su. Matar da ko jikokinta ba ta bari su taɓa jeren nan. Ya tafi makaranta da sauri, ya tarar da dattawa a tsaye a ƙofar ofis. Ya ce ga wuri a amalanke, a zuba littattafan a tafi da su, yaran nan za su je su zauna a gari ba makaranta ba gona, ba lokacin da suka fi bukatarsu kamar yanzu.

Aka dube shi kamar ya yi saɓo. Wani ya ce a kai kayan gari cikin 'yan gudun hijira, kwana nawa za su yi? Wani ya ce can za a sace, a yage, a ƙunsa ƙosai da su. Sun riga sun yanke dabararsu, irin wadda suke yi wa hatsi in ana tsoron ɓarayi: a toshe ƙofar ɗaki da tubali, a yaɓe da laka, a shafe, wanda ya zo ya ga garu kawai. Malam Jabiru ya amince. Nan da nan aka yi gayya, matasa suka kwaɓa ƙasa da ruwa da ciyawa, aka toshe taga, aka toshe ƙofa, aka shafe sumul. Babu mutum ɗaya a wurin nan da gara ba ta taɓa cinye wa azara ko tabarma ba. Kowa ya san abin da take yi wa ɗakin da aka rufe, ba iska, ba motsin mutum. Amma hatsi ɗan lokaci ake rufe shi a dawo, duk sun ɗauka wannan ma hakan ne. Suna ta gumi suna ɓoye littattafan yara daga mutanen da ko kyauta aka ba su ba za su ɗauka ba. Yahuza ya buɗe baki zai yi magana, ya ga irin kallon da ake yi masa, ya tuna bakin nan ne ya ɓata komai, ya rufe. Ranar da ya kamata ya yi faɗa, ranar ya yi shiru. Ya koma gida ya ɗora jeren Suwaibatu a amalanke, buhun littattafansa a sama.

A Ƙanƙara wani kango suka samu a bayan gari, su da wasu gidaje, aka raba ɗakuna da buhu da zani. Shamsu ya tafi kudu neman abin yi. Yahuza ya kafa 'yar rumfa kusa da tasha yana ɗinkin takalma, buhun a rataye a jikin rumfar, yaran kango da na unguwa suna zuwa. Littattafan suka ƙara yagewa, ya ƙara ɗinkewa, suka yi baƙi da hannu. 'Yan kaɗan sun ɓace, ya yi faɗan da zai yi, sauran suna nan.

Watannin farko kullum sai Mansura ta tambaya yaushe za a koma. Littafin akuya yana cikin ƙunshin kayanta, ba ta bari kowa ya taɓa. Da aka buɗe makarantu aka sa ta a wata ta cikin gari, ajin ya cika har waje, a bakin taga take tsayawa, ba ta jin abin da malami ke cewa. Uwarta Bilki ta fara suyar awara a bakin hanya don a samu na cefane. Mansura ta fara da kai mata ruwa, sai kai markaɗe, sai tsaron kasko in uwar ta shiga gida. Zuwa makaranta ya koma yau a je gobe a fasa, daga baya aka daina maganar. Ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya tambaye ta dalili. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Shekarun da yaro ke kwana da labari a ransa ba su da yawa, kuma masu cewa a bari a tsara sun san haka, su ma sun yi yarinta. Wata rana Yahuza ya sauke buhu ya tarar da littafin akuya a ciki, ta mayar ba ta gaya masa ba. Ya ce a ransa ajiya ta kawo.

Shi kuwa alkawarin yana nan yana cin sa. In sun haɗu da Malam Jabiru a masallacin Juma'a sai su gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa. Makullin yana nan a aljihun gaba, ana ganin shatinsa.

Da abin ya ɗan lafa, maza suka fara komawa ƙauye da rana su duba gidaje, su yi sharar gona, su dawo kafin la'asar. Wata safiya sai ga Malam Jabiru da kansa a bakin rumfa a kan babur. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya sauka ya gaida Yahuza har ƙasa.

"Baba, yau za mu hwasa ƙohwar. Na ce kar a taɓa sai kana wurin. Ɗiyan da aka kawo littattahan ga don su, wasu har sun hwara gemu. Ka zo ka ɗauki na jikarka da hannunka, sauran kau a kawo su nan ka yi masu hwatar."

Baƙar magana ta zo wa Yahuza har baki, ya haɗiye. Ya hau bayan babur. Duk gargadar hanyar nan bai ji ta ba, yana ta tsara yadda zai miƙa wa Uwargida, ko ya ɓoye a bayansa ya ce ta canka.

Ciyawa ta kai ƙugu a filin makarantar, rufin aji ɗaya ya tafi, amma garun ofis yana nan sumul. Ɓarayi sun shiga garin sun fita ba su gane akwai ɗaki a wurin ba. Dattawa suka yi ta hamdala, dabara ta yi. Aka sa diga aka fasa. Wani wari mai sanyi ya fito, irin na tsohuwar rijiya. Da ƙura ta kwanta sai ga kabad a tsaye inda aka bar shi. Malam Jabiru ya goge gilashin da hannun rigarsa. Ga su nan a jere, ja wajen ja, kore wajen kore, ga yarinyar da igiyarta tana kallon kogi. Wani ya yi kabbara a hankali.

Malam Jabiru ya sa makulli ya buɗe, ya ja da baya ya ba Yahuza wuri. Yahuza ya goge hannuwansa a riga, ya duba su kamar yadda yake duba na yara, ya miƙa ya ɗauko na akuya. Tun kafin ya buɗe ya ji wannan ba nauyin takarda ba ne. Bangon ya rabu a hannunsa, jar ƙasa ta zubo masa a ƙafa. Gara ta shigo ta baya, ta cinye katakon, ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya ta cinye cikinsu, ta cike gurbin da ƙasa. Ledar da ke jikin bangon ce kawai ta gagare ta, sai ta bar masu fuskar, abin da dama shi suke kallo. Malam Jabiru ya ja na kusa, ƙasa. Ya ja wani, ƙasa. Ya bi layin nan duka yana ja yana zubarwa, har ya zauna dirshan a cikin tarin ya dafe kai. Babu ɗaya a cikinsu da yaro ya taɓa buɗewa.

Dattawan suka fara abin da suka iya. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce dama Allah bai nufa ba. Har da mai cewa a mayar da bangwayen a jera a kulle, in masu abin sun zo ba za su gane ba. Kowa na satar kallon Yahuza, ana jira ya fashe, an san shi, yau kam yana da hujja. Shi kuwa bangon da ke hannunsa yake kallo. Wa zai zaga? Gara aikinta ta yi. Ya karkaɗe bangon littafin akuya, ya sa a aljihu, ya fita ya tsaya a rana har aka gama.

A hanyar komawa abu ɗaya yake juyawa a ransa, yadda zai gaya mata. Ta yi shekaru tana jira. Za ta yi kuka, za ta ce ya yi mata ƙarya, kuma ta fi shi gaskiya. Ya shirya zai ce mata ta yi haƙuri, yanzu ai ga sunan littafin a rubuce a jikin bango, zai je har Katsina, har Kano, ya yi ta nunawa sai ya samo mata. Ya yi ta maimaita maganar har suka shigo gari.

Ya tarar da ita a bakin hanya gaban kasko, ta ɗaura zanin uwarta a ƙugu. Ta zama budurwa, sai yau ya lura. Mutane na tsaye suna jira, itacen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe ta, tana hura wuta da baki tana tari. Ya tsaya a gefe, ya ciro bangon, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Uwargida."

"Yauwa Tsoho, kamar ka sani." Ta karɓe, ta durƙusa ta shiga fifita wutar da shi. Wuta ta kama, mai ya fara ƙara. Ta juya awara, ta sallami waɗanda ke gaba.

"Duba abin da ke hannunki," ya ce.

Ta juyo da shi ta duba, ta ɗan yi murmushi. "Au, ta akuyar nan ce. Ashe kana tune." Wani ya ce a sa masa yaji da yawa, ta juya wurinsa.

Yahuza ya tsaya yana jira ta tambaye shi ina sauran, ina cikin, me tsohon ya ce wa yarinyar a bakin kogi. Duk amsar da ya shirya tana bakinsa. Ba ta tambaya ba. Wutar ta sake yin ƙasa, ta sake durƙusawa tana fifitawa, gefen bangon ya fara nannaɗewa da zafi.